Shekarar da Gidanmu Ya Ƙi Ruwa

Habu, Zainabu, da sauran ƙannenku, wannan babin dominku na rubuta shi, kuma ina so a karanta shi daga farko zuwa ƙarshe ba tare da tsallake ba. Labari ya iso mini cewa da Habu ya je ƙauye ta'aziyya, jikan Tankari mahauci ya miƙo masa hannu, shi kuwa ya ƙi karɓa. Da aka tambaye shi dalili, ya ce ai duk wanda ya karanta littafin babansa na farko ya san mahauci ne ya kashe kawunsa Nomau. Wannan kuskure ne, kuma babba. Zan jera muku abin yadda yake: da abin da na gani da idona, da abin da aka gaya mini, da abin da har yau ban sani ba. Na ƙarshen ya fi yawa.

Ƙasa ba ta daɗe da samun mulkin kai ba a lokacin. Ni na ƙare lakkwal ta farko, wato makarantar boko, ban wuce nan ba, na sami aikin buga takardu a wani biro, wato ofis, a Dogon Dutsi. Malamina na dā, Mushe Kojo (mushe muke ce wa malamin lakkwal), mutumin Dahomai ne, yana da akwatin ƙarfe cike da ƙananan littattafan Faransanci na labarin kisa da bincike, yawancinsu bangon ya yage. Yakan ba ni ɗaya, in na mayar ya ba ni wani. Faransancina bai kai in gane kowace kalma ba, amma na gane tsarin, kuma tsarin ne ya kama ni. Da farko gawa. Sannan wurin da aka same ta. Sannan mutanen da suka san mamacin, kowa da ƙaryarsa. Daga ƙarshe mai bincike ya tara su a ɗaki guda ya faɗi suna. Ni mutum ne da ba ya son a ajiye abu inda ba wurinsa ba, sai na ga duniyar da ke cikin littattafan nan ta fi tamu shiri. Na ɗauka haka hukuma take aiki a ko'ina, mu ne dai ba mu taɓa kiranta ba.

Kakanku Arzika baduku ne a ƙauyenmu, tsakanin Kore Mairuwa da Tibiri. Yana ɗinka jaka da kube da layu, amma takalmi ne sana'arsa ta gaske. Babu namijin da ya yi aure ko ya yi Salla a garin nan bai taka fatar Baba an zana masa ƙafa ba. Ya san mai faɗin dunduniya, ya san mai karkataccen babban yatsa, ya san wanda ke cin takalmi ta gefe guda. Yayana Nomau bai gaji wannan ba. Shi manomi ne, mai ƙarfi, mai dariya da yawa, mai saurin faɗa da saurin mantawa. Ya yi kokowa da ƙuruciya, ya kayar da mutanen da ba su manta ba.

Ƙarshen bazara ne, an gama sharar gona, iri yana cikin rumbu, ruwa ya yi jinkiri. Nomau ya ci kasuwar Kore Mairuwa, jakinsa ya dawo gida shi kaɗai da kayan a bayansa, gishiri da kanwa da sabuwar tabarma, ba a taɓa komai ba. An same shi a cikin gebe, busasshen kwarin da hanya ke ratsawa, an buge shi a ƙeya. Kafin saƙo ya same ni a Dutsi in hau keke in iso, an riga an kai shi. Abin da na tarar shi ne mutane tsaye a bakin gebe, da wani Bafillace dogo, Buba, wanda aka kirawo daga ruga domin shi ne mai bin sawu a wajen nan. Da ya ji ni ƙanen mamacin ne kuma na yi lakkwal, sai ya ja ni ya nuna mini da sandarsa, yana magana a hankali kamar mai ƙirga shanu.

"Nan mutumin ya zamna, bayan sabarar ga. Ya daɗe, dubi inda ya kakkarya ƙirare. Nan jaki ya wuce. Nan ya tashi, babu takalmi. Nan ɗan'uwanka ya hwaɗi, gorar ruwansa ta hwashe. Shi kuwa da zai juya, sai ya taka jiƙaƙƙen wurin."

Na dubi inda sandar ta tsaya. Ƙwarya ce a kife, an ɗora mata dutse.

"Sawun na nan ƙarƙashi, ya bushe kamar an gina shi. Na bi sauran har hwako, nan ya ɓace mini. Amma ba daji ya nuhwa ba. Garinku ya koma."

Ban taɓa jin an ba da labari da tsari kamar wannan ba, ko a littattafan Mushe. Duk mai binciken da kuka karanta a littattafaina, da bakin Buba yake magana.

Dole in bayyana muku al'adar, domin yanzu ta mutu. In an yi kisa aka sami sawu, mai bin sawu yakan kife shi da ƙwarya kafin dangin mamaci su iso, kuma ba a yarda su gani ba, don kada su ɗau fansa da hannunsu. Ba a ɗaga ƙwaryar sai mai ikon hukunta jini ya zo. Ranar nan a share rairayi a gefe, kowane namijin gari ya taka, a gwada. A dā sarki ne ke aiko da mutum. Tun zamanin Nasara maganar jini ta koma hannun jandarma, 'yan sandan gwamnati. Buba bai san ƙafafun mutanen garinmu ba, don haka shi ba shi da sunan da zai faɗa. Mutum guda ne kowa ya san in ya leƙa sau ɗaya ba ya bukatar a share rairayi, kuma shi ne uban mamacin. Samarin danginmu kuwa sun riga sun fito da gatura da baka suna gyara a bainar jama'a. Maigari ya ce ba za a yi gwajin ba sai ga jandarman da zai tafi da mutumin da ransa, in ba haka ba gawa ɗaya za ta haifi goma.

Ni na ɗauki nauyin kiran hukuma, da gadara ma, don ina ganin ɓangarena ne. Babban jandarman da na samu ya saurare ni har ƙarshe, bai wulaƙanta ni ba. Amma shekarar ce ta tashin hankalin siyasa, ana ta raɗe-raɗin masu shigowa da bindigogi ta kan iyaka, motarsa da mutanensa duk suna can. Ya ce in sun dawo zai zo, mu tsare wurin. Na koma, na sake komawa, amsar ba ta sauya ba.

Muka tsare wurin. Inna ce ta fi kowa zama. Da ta idar da sallar asuba sai ta ɗauki tabarma ta tafi gindin aduwar da ke bakin gebe, ta zauna tana fuskantar ƙwaryar, tana korar awaki da tsakuwa. In rana ta take ni ko wani ɗan'uwa ya karɓe ta. Ku gane matsalar: geben nan hanyar ruwa ce. Ruwan farko mai ƙarfi in ya sauka, ba ƙwarya ba, ko turmi aka kife sai ya tafi da shi. Gari duka kuwa ba abin da yake roƙo sai wannan ruwan. Rijiya ta ja baya, shanun Fulani sun fara faɗuwa, wasu gidajen sun fara taɓa iri suna dakawa. Malamai suka fita da maza bayan gari roƙon ruwa. Mata suka zaga gari da waƙoƙinsu da tsofaffin tufafi. Inna ba ta je ba. In hadari ya haɗo a gabas yara suna tsalle, ni da ita sai mu dubi juna. Na ji ta da kunnena tana cewa ƙasa-ƙasa, Allah Ka riƙe shi, Allah Ka riƙe shi. Ba ni kaɗai na ji ba.

Hadari ya yi ta haɗuwa yana watsewa. Da farko mata suka daina gaishe da Inna a rijiya. Sannan aka yi wasan bori a ƙofar Magajiya, uwar 'yan bori, iska ta hau, aka fito da maganar cewa Doguwa, aljanar geben, ta ce muddin ƙwarya na kife a ƙasa, sama ma a kife take. Malamai ba su yarda da bori ba, amma ba wanda ya ƙaryata wannan a fili, don su ma roƙonsu bai kawo komai ba. Wata safiya muka tarar an zubar da toka a ƙofar gidanmu. Daga nan Maigari ya zo da kansa rumfar Baba, ina zaune. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya ɗauki wani guntun fata yana jujjuyawa.

"Arzika, kai da ni tare aka yi muna kaciya. Ba zan ɓoye maka ba, mutane sun ƙosa a ɗaga ƙwaryar ga. Ina riƙe da su, amma hannuna ya gaji."

Baba bai ɗaga kai daga ɗinkinsa ba. Inna ce ta amsa daga bayan dannin kara, abin da ba ta taɓa yi ba in maza na magana.

"Maigari, cikin masu ƙosawar akwai wanda ba ruwa yake nema ba. Ka san da haka?"

"Na sani, Hawwa."

"Shina cikin sahu shina ɗaga hannu shina amin, ya hi kowa ƙarhin murya. Shi za ku yi wa aiki."

"Na san wannan ma. Amma ɗiyan Ɗan Tani biyu an kai su jiya, gudawa da yunwa. Uwarsu mi zan ce mata?"

Maigari ya ajiye fatar ya tashi.

Ranar nan na tuna da wata dabara daga littattafan Mushe: mai bincike yakan dama wani farin gari ya zuba a cikin sawu, in ya sandare ya ɗauke shi cif kamar ƙafar mutumin. Na san garin, shi ne wanda ake ɗaure karaya da shi a gidan likita. Na hau keke na koma Dutsi, na roƙi wani ma'aikacin likita da muka yi lakkwal tare, ya ɗebo mini a gwangwani. Ina tafe a hanya zuciyata fari ƙal. Na ga na raba gardamar: gari ya sami ruwansa, mu mu riƙe shaidarmu, ba wanda ya yi asara. Na yi niyyar in zuba garin ta ƙarƙashin zane, kada ko ni in gani.

La'asar na iso gebe. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta tsaya cak, ba ganyen da ke motsi. Na tarar da abin da ban zata ba: kusan duk mazan gari a tsaye a kan gaɓa, samarinmu a gefe guda da gaturansu, Inna a gindin aduwa, Baba kuma shi kaɗai a cikin geben, tsaye a kan ƙwaryar. Na yar da keken na gangara da gwangwanin, na yi masa bayani da sauri, ina haki. Ya saurara har na gama.

"Sannan in ya sandare, ka aje shi ina?"

"A gida, Baba. Har jandarma su zo."

"In ba su zo ba?"

"Za su zo."

"In sun zo ba su karɓi abin ga ba? Ƙahwar mutum ce za ta zamna ɗakin uwarka. Yau ka ce ba ka dubawa. Gobe hwa? Ga 'yan'uwanka can. Kai za ka hana su buɗe zane?"

Na ce gaskiya ce kawai muke nema, gaskiya ba ta cutar da kowa. Daga littafi na ɗauko wannan maganar, kuma har yau ina jin yadda ta fita daga bakina.

"Shaibu, na binne ɗa guda. Juya bayanka."

Ban juya ba. Ya sake faɗa, bai ɗaga murya ba. Ban taɓa saɓa masa ba a rayuwata, ƙafafuna suka juya da kansu. Ina fuskantar mutanen da ke kan gaɓa, ina duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ina neman wadda za ta sauya. Na ji an ɗauke dutsen. Na ji ƙarar ƙwarya a kan rairayi. Sai shiru, ba mai tsawo ba. Sannan na ji hannu yana murza ƙasa. Inna ta yi wani sauti da ban taɓa ji daga bakin mutum ba, ba kuka ba ne. Da na waiga, Baba yana durƙushe yana kakkaɓe tafinsa, wurin ya zama shafaffe. Ya miƙa wa Maigari ƙwaryar ya ce a mayar wa Buba da kayansa. Fuskokin da na duba kuwa ba wadda ta gaya mini komai. Duk sun sunkuyar da kai, mai laifi da marasa laifi.

Ruwa bai sauka ranar ba. Iska ce ta taso ta watsa hadarin. Ya sauka daga baya, lokacin da Mai shi ya ga dama, aka yi shuka, damina ta yi dama-dama. Masu cewa ƙwarya ce ta riƙe shi suka ce ga shi, masu cewa ba ita ba ce su ma suka ce ga shi. Jandarma sun zo bayan an yi noman farko. Na kai su gebe, ruwa na gudu a ciki. Suka yi tambayoyi, suka rubuta, suka tafi. Samarinmu suka rataye gatura. Ba a sake zubar da jini a garin ba, wannan gaskiya ne, kuma ina so ku rubuta shi a gefen kakanku. A ɗaya gefen ku rubuta Inna. Ta ci gaba da dafa masa tuwo, tana wanke masa tufafi, amma daga ranar ba ta sake zama a tabarma ɗaya da shi ba. In tana da magana sai ta faɗa wa wani a gabansa. Haka suka ƙare zamansu har ta rasu.

Ni kuwa na tabbata ya gani, ya sani. Sai na sa masa ido. Duk hutun da na samu ina rumfarsa, ina lura da wanda ya gaisar da sanyi, da wanda ya ƙi kallo, da wanda zai ce ba shi da fatar yi masa takalmi. Ban kama komai ba. Salla ta zo, maza suka yi layi kamar kullum, kowa ya taka fata, Baba ya durƙusa ya riƙe ƙafarsa ya zana. Ina zaune ina cewa a raina ɗaya daga cikin ƙafafun nan ce, kuma yana riƙe da ita. Abin ya hana ni sukuni. Na fara ɗaukar mutanen ɗaya-ɗaya ina gina labari a kansu: in wane ne, me ya sa, ta ina ya bi, wace ƙarya zai yi. A kasuwa kuma na ga ƙananan littattafan Hausa da fatake ke kawowa daga ƙetaren iyaka, na gane ashe harshenmu ma yana ɗaukar labari mai tsawo a takarda. Haka na fara. Mushe Kojo ya ba ni tsari, Buba ya ba ni murya, shirun Baba ya ba ni abin da zan yi ta tona har tsufa.

Da Tankari na fara don wuƙa da gatari sana'arsa ce, kuma sun taɓa cacar baki da Nomau a kan rago. Iyakar abin da nake da shi ke nan, kuma rabin garin sun taɓa cacar baki da Nomau. Littafi na biyu mai haƙar rijiya ne ya yi kisan. A na gaba ɗan kokowa ne, a wani malami, a wani ɗan'uwan mamacin na jini. In za ku bi littattafaina ku ƙi gaisawa da mutane, ba wanda zai rage muku a ƙauyen, har da gidanku. Sau da yawa na kashe yayana a takarda da sunaye dabam-dabam, kuma kowane karo na sa mai bincike ya iso kafin ruwa. Abin da na iya ke nan. Masu karatu suna yaba mini cewa ba na barin mai laifi ya tsira. Ba su san wannan ba ƙwarewa ba ce.

Sau ɗaya na tambaye shi. Ya tsufa ƙwarai, ido ya tafi, ya bar ɗinki, Inna ta riga ta rasu, yawancin mazan da suka tsaya a kan gaɓa ma sun bi ta. Da hantsi ne, na fito da shi rumfa yana shan iska. Na ce masa yanzu ba sauran wanda za a kama, ba sauran mai ɗaukar gatari, ni kaɗai ne, ya gaya mini.

"Har yanzu kana can gebe, Shaibu?"

Na ce ina can.

"To ban gani ba. Da na ɗaga ƙwaryar runtse idona na yi. In na gani, da ba ni iya riƙe ƙahwar kowa a garin ga, da kuma ku ba ku ci abinci ba."

"Inna ta san haka?"

"Na hwaɗa mata. Ta ce wannan ya hi muni."

Na yarda da shi ranar, na tashi jikina sakayau, kamar an sauke mini kaya. Sai da na kama hanyar Dutsi, na wuce geben, sannan abin ya faɗo mini. Da tafin hannunsa ya shafe sawun. Baba kuwa bai taɓa auna ƙafa da ido kaɗai ba. Sai ya shafa ta daga dunduniya zuwa yatsu kafin ya sa wuƙa a fata. Na tsayar da mota a gefen hanya, na daɗe ina shawarar komawa. Ban koma ba. Kafin in sake zuwa ƙauye an aiko mini ya cika.